Kalmar Faransanci a Littafin Mormon: ta isa hujja?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai kalmar Faransanci a cikin Littafin Mormon, wai wannan kaɗai ya nuna Joseph Smith ne ya ƙaga shi, ba fassarar tsohon rubutu ba ne. Haka abin yake?

Amsa: Littafin Mormon littafi ne mai tsarki ga mabiya cocin da Joseph Smith ya kafa a Amurka; Smith ya ce daga wasu tsofaffin allunan zinariya da aka binne a can ya fassara shi. Kalmar kuwa tana nan. A sashensa mai suna Yakubu, 7:27, mutumin da aka ce ya rayu ƙarnoni kafin haihuwar Almasihu ya yi ban kwana da "adieu". Sai dai a cikin hujjojin masu suka, ita ce mafi rauni. An buga littafin a Palmyra ta jihar New York a 1830, lokacin da kalmar ta daɗe da zama gida a Ingilishi, har tana cikin ƙamus ɗin Webster na 1828. Mai fassara da harshen zamaninsa yake aiki, kamar yadda Bahaushe zai sa "asibiti" a fassara ba tare da an zarge shi da ƙage ba.

Maganar abubuwa ta fi nauyi. Littafin ya ambaci dawakai, karusai, ƙarfe, siliki da alkama a tsohuwar Amurka, alhali doki ya ɓace a can dubban shekaru kafin mutanen Sifen su dawo da shi. Masu kare littafin suna cewa baƙo yakan kira sabuwar dabba da sunan wadda ya sani. Akan yarda da hakan a kan suna guda, amma doki da karusa tare sun fi ƙarfin wannan bayani.

Inda gardamar take da gaske shi ne nassin da aka ɗauko daga Littafi Mai Tsarki. Littafin Mormon ya ce wani annabi mai suna Lehi, kakan mutanen da yake ba da labarinsu, ya bar Urushalima wajen shekara ta 600 kafin Almasihu da rubutun annabawa a kan allunan tagulla. Amma ya kawo surorin Ishaya kamar 48, 49 da 53, waɗanda yawancin masana ke ganin an rubuta su zamanin bauta a Babila, bayan 586 kafin Almasihu, wato bayan tafiyar Lehi. Mabiya da yawa suna amsawa da cewa Ishaya ɗaya ne ya rubuta duka.

Misali na biyu ya fi wuyar kaucewa. Sashen 3 Nephi, sura 12 zuwa 14, kusan kalma da kalma yake bin Matiyu 5 zuwa 7 a fassarar Sarki James ta 1611, har da ƙarshen Addu'ar Ubangiji mai maganar mulki da iko da ɗaukaka, wanda babu shi a mafi tsufan rubuce-rubucen Helenanci. Ƙarin da masu kwafa suka yi daga baya ba shi da hanyar shiga allunan da aka binne a Amurka.

Amsar mabiya ta rabu biyu. Wasu sun ce ma'ana aka ba Smith, shi ya tufatar da ita da Ingilishin da ya saba ji. Wasu, irin su Royal Skousen, tsohon malami a Jami'ar Brigham Young, da ya shafe shekaru yana nazarin rubutun hannu na farko, suna ganin kalma-kalma aka nuna masa. Shaidu kamar matarsa Emma da David Whitmer sun ce dutse yake dubawa a cikin malafa yana faɗa ana rubutawa. In an ɗauki ra'ayi na farko, hujjar da mabiya ke kafawa cewa salon Ibrananci a sashen Alma, sura 36, yana nuna tsufan littafin ta yi rauni. In an ɗauki na biyu, sai a bayyana yadda ƙarin masu kwafa ya shiga wahayi. Ba a cin riba biyu.

Allunan zinariyar kuwa Smith ya ce ya mayar wa mala'ika Moroni, don haka babu asalin da za a ajiye kusa da fassarar a gwada.