Shin ya halatta hukuma ta sa wa manyan kamfanonin intanet linzami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi waya a wata kasuwar intanet, aka kawo mini wadda ba ita na gani a hoto ba, kuma suka ƙi karɓar abinsu. Da na ce ya kamata gwamnati ta sa wa irin waɗannan kamfanoni doka, sai abokina ya ce haramun ne, domin Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da alheri, ɗan'uwa.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne. Anas (RA) ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada, sahabbai suka nemi a yanka farashi, Annabi (SAW) ya ce Allah ne mai sanya farashi. Sai dai abokinka ya ajiye hadisin ba a muhallinsa ba. Tsadar da ƙarancin kaya ya kawo daban, cutar da ɗan kasuwa ya ƙulla da hannunsa daban. Annabin da ya ƙi yanka farashi, shi ne ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Shi ne ya hana ɓoye kaya, ya hana tare fatake a hanya. Wannan sa ido shi malamai suka kira hisba.

Akwai kuma najash, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito haninsa: mutum ya taya kaya da tsada ba don ya saya ba, sai don ya ruɗi wani. A fahimtata, yabon ƙarya da taurarin makin yabo da ake saye a jera ƙarƙashin kaya a intanet ɗan'uwan najash ne, kuma ɓarnarsa ta fi yawa, domin dubban mutane yake ruɗa a lokaci guda.

Abin da ya fi damuna shi ne kamfanin da shi ne mai kasuwa, shi ne dillali, kuma yana da rumfa a ciki. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na cinikayya a sakamakon bincike, kuma babbar kotunsu ta tabbatar da hukuncin a 2024. A Najeriya ma, a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, wato FCCPC, ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220 kan yadda ya sarrafa bayanan masu amfani da Facebook da WhatsApp. Mai saye shi kaɗai ba ya iya ja da irin waɗannan. In hukuma ta naɗe hannu, wa zai karɓo masa haƙƙinsa?

Don haka dokar da ke tilasta bayyana gaskiyar kaya, da mayar da kuɗin wanda aka cuta, da hana babakere, da tsare sirrin mutane, halal ce, kuma inda cutar ta tabbata wajibi ce a kan shugaba. Sharaɗi shi ne kada ta zama hanyar tatsar kamfani ko toshe bakin jama'a, domin zalunci haramun ne ko a kan mai biliyoyi.

Game da wayarka, Imam Malik a Muwaɗɗa ya halatta ciniki a kan barnamaj, wato takardar da ke siffanta abin da ke cikin ƙunshi, kuma cinikin yana lazimtar mai saye ne idan kaya suka dace da siffar. Naka ba su dace ba, saboda haka kana da zaɓin mayarwa ka karɓi kuɗinka. Ka adana hoton tallar da shaidar biya, ka kai ƙara FCCPC.

Wallahu a'alam.