Zan iya biya wa goggona kuɗin rijista da zakkata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Tudun Wadan Zariya nake. Goggona ta haura arba'in da biyar, mijinta ya rasu, malamar firamare ce mai NCE, ta koma ABU yin digiri yanzu saura shekara ɗaya amma kuɗin rijista da na furojet sun gagare ta har tana maganar bari. Ya halatta in biya mata da zakkata? Wasu a gida suna cewa wai asara ce, me tsohuwa za tai da digiri.

Amsa: Wa alaikumus salam. Eh ya halatta, matuƙar abin da take samu ba ya isarta ita da marayunta har shekara ta zagayo. Ta shiga sahun faƙirai da miskinai da Allah ya fara ambata a Suratut Tauba aya ta 60, ta wannan ƙofar za ka ba ta, ba ta ƙofar fi sabilillahi ba, don a wajen Malikiyya wannan kason na jihadi ne. Kuma goggo ba ta cikin waɗanda ciyar da su ya wajaba a kanka. Da mahaifiyarka ce ko matarka da sai in ce a'a, ka biya daga aljihunka. An ma halatta a ba faƙiri abin da zai ishe shi shekara guda, don haka kar ka tsaya a rijista kawai in zakkar da yawa, kuɗin mota zuwa Samaru, inda ABU take, ma kuɗi ne.

Su kuma masu cewa asara ce, gaskiya maganar ta sosa min rai. Matar da ke ciyar da marayu da albashin koyarwa, kwalin nan zai iya ɗaga mata matsayi a wurin aiki ya rufa mata asiri, ina asarar? A ƙasar nan fa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jaji, wato jagororin mata, su ke bi ƙauye ƙauye suna karantar da 'yan'uwansu mata, ba a taɓa ce musu kun tsufa ba. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce sadaka ga ɗan'uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci.

Ka ƙulla niyyar zakka lokacin bayarwa, kuɗin ya zama mallakinta, in kai za ka tura wa makaranta to da izininta. Imamu Malik bai so mutum ya miƙa wa danginsa zakka da hannunsa ba saboda gudun yabo, in da hali ka aika wani amintacce ya kai mata, kuma dan Allah kar zancen ya zagaya gida. Wallahu a'alam.