Amsa ga Maman Ilham kan neman wa 'yarta gurbin ƙwallon ƙafa a jami'ar Amurka

Assalamu alaikum, Maman Ilham. Na karanta tambayarki cewa 'yarki tana aji 9 a sakandare a nan Amurka, tana taka leda a kulob, kuma wani kamfani ya nemi ki biya kuɗi masu yawa domin ya samo mata cikakken tallafin karatu a jami'ar Division I, wato rukuni mafi girma a wasannin jami'o'in Amurka. Da yake ni da maigidana mun bi wannan hanya da babbar 'yarmu har ta samu gurbi, zan gaya miki abin da muka gani da idonmu.

Ki fara sanin cewa cikakken tallafi a ƙwallon ƙafar mata ba kasafai ake samunsa ba. Shekara da shekaru, hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta ƙayyade wa kowace jami'ar Division I tallafi 14 kacal, alhali 'yan wasan ƙungiya ɗaya kan kusa kai talatin, saboda haka koci yakan gutsuttsura kuɗin, wata ta samu rabi, wata kwata, wata kuma ba ta samun ko sisi. A shekarar 2025 tsarin ya canza bayan sasantawar wata shari'a a kotu: jami'o'in da suka shiga sabon tsarin an cire musu wancan ƙayyadewar, amma an taƙaita 'yan wasansu zuwa 28. Hakan bai tilasta wa kowace jami'a ta biya wa kowa ba, sai dai ma ya rage guraben da ake da su. Don haka duk wanda ya yi miki alkawarin cikakken tallafi tun yarinya tana aji 9, bai gaya miki gaskiya ba, domin a ƙa'ida kocin Division I ba zai ma iya tattauna batun ɗaukarta da ita ba sai ranar 15 ga Yuni bayan ta kammala aji 10, ziyarar jami'a a hukumance kuma sai daga 1 ga Agusta na shekarar da ta kammala aji 10 ɗin.

Aikin da kamfanin zai yi miki, ke da 'yarki za ku iya yinsa. Ku haɗa gajeren bidiyo na wasanninta wanda bai wuce 'yan mintoci ba, a sa mafi kyawun abin da ta yi a farko, sannan ita da kanta ta riƙa aika wa kociyoyi imel, tana faɗin matsayin da take bugawa, da makinta na makaranta, da inda za ta yi wasa na gaba. Na nanata cewa ita da kanta, domin mu iyaye, musamman mu da muka taso a inda babba ke magana a madadin yaro, mukan so mu karɓe zancen, su kuwa kociyoyi yarinyar suke son ji, kuma suna lura da yadda iyaye ke nuna hali a bakin fili. Yawancinsu suna zuwa kallon wasa ne a manyan gasannin kulob-kulob na matasa, wato ECNL da Girls Academy, kuma kuɗin kulob da na tafiye-tafiye da masauki a waɗannan gasanni yana da nauyi ƙwarai. Akwai iyalan da abin da suka kashe cikin shekarun nan ya fi tallafin da aka ba 'yarsu a ƙarshe. Haka nan sansanonin gwaji da jami'o'i ke shiryawa, gayyatar da yawa ana aika wa ɗaruruwan yara ne lokaci guda, don haka kada ki biya sai na makarantar da kuke so da gaske.

Abin da ya fi taimaka mana shi ne karatu. NCAA tana buƙatar darussa 16 na asali da matsakaicin maki (GPA) aƙalla 2.3 cikin 4.0 kafin yarinya ta cancanci wasa a Division I, kuma dole ta yi rajista da cibiyar tantancewa ta hukumar, amma wannan mafi ƙarancin mataki ne kawai. Jami'o'in Division III, wato rukuni na uku a tsarin NCAA, ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan, haka ma jami'o'in Ivy League, wato wasu fitattun jami'o'i takwas da Yale ke cikinsu, sai dai suna ba da tallafi bisa buƙatar iyali, kuma yawancin na Division III suna ƙarawa da na ƙwazon karatu. 'Yarmu ta samu tayi daga wata jami'ar Division I mai ɗan ƙaramin kaso, da wani daga Division III, kuma da muka zauna muka lissafa abin da zai fita daga aljihunmu kowace shekara bayan mun cike fom ɗin FAFSA na neman tallafin karatu daga gwamnatin tarayya, sai na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ga shi kuma tana shiga fili tun shekararta ta farko maimakon zaman benci. Kada ki raina jami'o'in NAIA, wata hukumar wasannin ƙananan jami'o'i daban da NCAA, da kwalejojin shekara biyu, su ma suna ba da tallafin wasa. Michelle Alozie ta Super Falcons a Yale ta yi digirinta na farko, inda babu tallafin wasa, kuma hakan bai hana ta buga wa Najeriya Gasar Cin Kofin Duniya ta 2023 ba.

Tambayar da muka yi wa 'yarmu game da kowace makaranta ita ce, idan kin ji rauni a gwiwa, ko kocin da ya ɗauke ki ya bar aiki, za ki so ci gaba da zama a nan? Duka biyun suna faruwa sosai, tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa ta fi yawa a tsakanin 'yan wasa mata. Ki kuma sani cewa alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, sai an sa hannu a takardar tallafi, kuma ki karanta ko tallafin na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa ko na shekara huɗu.

Batun addini kuma kada ku ɓoye shi, ku faɗe shi tun a ganawar farko. Tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka amince da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta yi wasa da hijabi a gasar duniya ta 2023. Mu mun tambayi koci kai tsaye game da dogon wando a ƙarƙashin kayan wasa, da abincin halal lokacin tafiya, da atisaye a watan azumi, wanda a 'yan shekarun nan yake faɗowa a lokacin horon bazara, ba a tsakiyar kakar wasa ta Agusta zuwa Nuwamba ba. Yadda ya amsa ya nuna mana irin mutumin da za mu ba amanar 'yarmu. Idan kun je ziyara, ku bar yarinya ta keɓe da 'yan wasan ƙungiyar ta tambaye su da kanta, ku kuma ku duba ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi da masallaci a kusa. A bana dai, abin da ya kamata ku sa a gaba shi ne ku ga mai ba da shawara na makarantarta ku tabbatar darussan da take ɗauka suna cikin waɗanda NCAA ta amince da su. Allah Ya yi mata zaɓi mafi alheri.