Amsoshin tambayoyinku: Ekstasi na cin ƙwaƙwalwa ko ƙarya ce?

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne nan Yamai. Wani abokinmu na fada ya dawo daga tafiya da wasu ƙwayoyi kala-kala masu tambari a jiki, wai ekstasi, jika biyar guda. Ya ce ba irin tramol ba ce, kuma wai binciken da ya ce tana lalata ƙwaƙwalwa ma Turawa sun janye shi. Bikin abokinmu ya kusa, ina so in gwada sau ɗaya kawai. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka saya. Amma tsaya, abokin naka ba duka ya yi ƙarya ba, rabin labarin ya ba ka ya riƙe rabi a aljihu.

Gaskiya ne a 2002 wani mai bincike George Ricaurte na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya fitar da sakamako a mujallar Science cewa ekstasi ta yi wa ƙwaƙwalwar birai mummunar ɓarna, har ana maganar ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki, duniya ta ɗauka, sai a 2003 suka dawo suka janye don ashe ba ekstasin suka ba biran ba, kwalaben aka yi wa lakabi ba daidai ba, wata ƙwayar maye daban ce a ciki, methamphetamine. Abin kunya kam. A Ingila ma a 2009 Farfesa David Nutt ya kwatanta haɗarinta da na hawan doki, kafin shekarar ta ƙare aka cire shi daga shugabancin kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan ƙwayoyi. To ka ga gardamar da gaske ce.

Ga rabin da bai faɗa maka ba. Sinadarin da ke cikin ekstasi, MDMA, wanda kamfanin Merck na Jamus ya fara haɗawa tun 1912, aikinsa shi ne ya sa ƙwaƙwalwa ta zubo serotonin ɗinta, wato sinadarin da ke daidaita yanayin ran mutum, gaba ɗaya lokaci guda, shi ne daɗin da ake ji da son rungumar kowa, kamar mutum ne ya cinye albashin wata a dare ɗaya. A dabbobi an sha ganin yawanta na lalata jijiyoyin serotonin, wannan ba a janye shi ba. A mutanen da suka daɗe suna sha da yawa an ga raunin tunawa, abin da masana ke ja a kai shi ne ko ekstasin ce kaɗai ta jawo, tunda galibinsu suna haɗawa da wiwi da giya da rashin barci, da kuma ko ƙwaƙwalwar na farfaɗowa in an daina.

Ni dai ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Gwajin dabbobin nan da ba a janye ba, da MDMA tsantsa da aka auna aka yi shi. Kai me za ka haɗiye? Shi kansa mai sayarwar bai sani ba wallahi, tambarin da ke jiki kowa na iya bugawa, kuma a Turai an sha samun ƙwayoyi masu wani sinadari mai guba, PMMA, a ciki da suka kashe mutane. Sannan tana ɗaga zafin jiki sosai, ka haɗa da rawa cikin cunkoso da zafin Yamai na watan Afrilu da ke wuce digiri 40, ga kuran na iya ɗaukewa fanka ta tsaya. In ka ce bari in yi ta ɗurkar ruwa nan ma matsala, tana hana jiki fitar da ruwa, gishirin jini ya faɗi ƙwaƙwalwa ta kumbura, haka wata yarinya 'yar shekara 18 ta mutu a Ingila a 1995 bayan ƙwaya guda. Wanda kuma ya haɗa ta da tramol, su biyun duk serotonin suke taɓawa, yana iya faɗuwa yana jijjiga. Ban ma kawo maganar jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi na OCRTIS ba in suka same ka da ita a aljihu. Jika biyar ɗin nan ka ƙara a gudummawar ango.

Tambaya: Malam ina wuni. Daga Tawa nake. Ƙanena ya amsa mini da bakinsa ya sha ekstasi sau biyu, bayan kwana biyu sai ya yi shiru, ba ya cin abinci, ƙaramin abu ya yi fushi. Shi ke nan ƙwaƙwalwarsa ta lalace?

Amsa: Lafiya lau 'yar uwa, ki kwantar da hankali. Wannan sanyin jikin na bayan kwana biyu ko uku sananne ne, serotonin ɗin da aka kwashe ne bai gama dawowa ba, yawanci cikin 'yan kwanaki yake wucewa in ya samu barci da abinci. Tunda har ya iya faɗa miki kar ki kai shi gaban Baba da ihu, zai rufe bakinsa ne ki daina jin komai. In ya wuce sati biyu a haka, ko ba ya barci sam, ko ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ki kai shi wajen likita ranar nan kuma ku faɗa wa likitan ainihin abin da ya sha da yaushe, har da tramol in yana taɓawa.