Amsa ga yarona kan kofunan bikin da launinsu ya ɓaci

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonka, na kuma duba hotunan da ka aiko mini na kofunan bikin nan na Tudun Wada, waɗanda kake buga wa hoto da rubutu. Ka ce na farkon sun fito a koɗe, musamman wajen gindi da kusa da mariƙi, da ka ƙara wuta zuwa digiri 210 ka bar su har minti 5 sai baƙin rubutun ya koma ruwan ƙasa, ita kuwa shuɗiyar shaddar ango tun daga kofin farko shunayya take fitowa. Tambayarka ita ce ko tawadar ce jabu, mu zubar da ita mu sayi wata. Kada ka zubar. Cuta biyu ce daban ta haɗu a kan kofunan nan, kuma ban ga alamar laifin tawada a ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai ka tuna yadda aikin yake tukuna. Tawadar nan ba manne wa bayan kofi take yi ba. Idan zafi ya kai mata sai ta zama tururi, ta bar takarda, ta shige cikin siririn shafin foliyesta da aka yi wa kofin tun daga masana'anta, idan ya huce kuma ta kulle a ciki. Shi ya sa hoton yake fitowa dishi-dishi a takarda kafin a gasa, wannan ba aibi ba ne. Shi ya sa kuma kofin tangaran na gida wanda ba shi da wannan shafin ba zai karɓi hoto ba ko da an kwana ana gasa shi.

Baƙi shi ne mai ba ka labarin wuta, don haka shi nake so ka koyi karantawa kafin kowane launi. Idan baƙi ya fito yana ɗaukar kore ko ruwan toka, bai gasu ba, ko zafi ya gaza ko lokaci ya yi kaɗan. Idan ya koma ruwan ƙasa, gefen haruffa ya yi hazo kamar an shafa da yatsa, farin kofin ya fara yin rawaya, to ya ƙone. Kai ka tashi daga na farko ka faɗa na biyu a tsalle ɗaya, domin ka ƙara zafi da lokaci a tare. Yawancin kofunan da muke aiki da su suna gasuwa tsakanin digiri 180 zuwa 200 na Salsiyos, cikin sakan 180 zuwa 240, amma kowane injin gasa kofi da halinsa, kuma abin da allonsa yake nunawa ba lallai ne ya zama shi ne zafin da ke jikin kofin ba. Ga mu cikin hunturu, kofin da ya kwana a shago sanyi ƙalau yake da safe, da zarar ka sa shi za ka ga lambar ta faɗo ƙasa, kuma gindinsa mai kauri ne, shi ke shanye zafin kafin hoto ya samu rabonsa. Maganin wannan shi ne ka ɗan ɗumama kofin ba tare da takarda ba na sakan 20 ko 30, ka kuma tabbata injin bai fara ƙirga ba sai zafin ya komo inda ka saita shi. Wutar gari ma idan ta yi rauni, ko ƙaramin janareta yana ɗauke da firinta da fanka da injin gaba ɗaya, bargon injin, wato abin da ke naɗe kofi yana ba shi zafi, ba ya kai zafinsa da wuri. Gara ka dakata da ka ci gaba da ƙona kofunan mutane.

Akwai wani abu da ya taɓa ci mini katan guda na kofi 36 a shekarun da na fara, kuma har yau ina jin ciwonsa, domin aikin walimar saukar Alƙur'ani ne kuma yaran suna jira. Injin yana kan ma'aunin Farenhait ban lura ba, na saita 200 ina tsammanin na Salsiyos ne, alhali zafin bai wuce digiri 93 ba, wanda ko ruwa ba ya tafasawa. Ka duba ƙaramin harafin da ke gefen lambar, C ne ko F. Idan F ne, wajen 400 ake nema.

Koɗewar da ke kusa da mariƙi kuwa ta matsi ce. Bargon ba ya rungumar wurin sosai, saboda haka ka bar tazarar kamar yatsa ɗaya tsakanin hoto da mariƙi, haka ma a baki da gindi. Ka ja takardar ta kwanta lif ba tare da iska a ƙarƙashi ba, ka ɗaure ta da salatif mai jure zafi, domin idan ta motsa ko kaɗan za ka ga inuwar rubutu ta biyu. Bargon namu ma ya tsufa, na lura gefensa ɗaya ya fara laushi, kuma idan koɗewar tana dawowa a wuri ɗaya a kowane kofi to shi za mu sauya.

Shaddar ango ba ruwanta da wuta, tun daga firinta ta ɓaci. Ka fara buga shafin gwajin kan firinta, wato ɓangaren da ke fesa tawada, ka duba layukan launuka ɗaya bayan ɗaya a wurin haske. Ina kyautata zaton shuɗin ne ya toshe, don ƙurar wannan lokaci da kwana uku da firintarmu ta Epson ta yi ba ta aiki sun isa su busar da bakin da tawadar ke fita, kuma idan shuɗi ya ragu ja ke rinjaye, sai shadda ta koma shunayya, fuskar amarya ta yi jajir. Ka wanke kan sau ɗaya ko biyu, ka bar shi ya huta kafin ka sake, kada ka yi ta wankewa a jere kana zubar da tawada. Idan layukan sun fito cif, to saura fayil ɗin daidaita launi, wanda ake kira ICC, na irin tawadarmu da takardarmu. Na san ka sake sa Photoshop, manhajar gyaran hoto, a kwamfutar makon jiya, kuma mai yiwuwa fayil ɗin bai koma ba, ko kuwa manhajar tana gyara launi, firintar ma tana gyarawa, gyara biyu a kan hoto ɗaya. Ɗaya kawai za ka bar wa aikin. Hoton kuma ka bar shi a tsarin launi na allo, wato RGB, kada ka mayar da shi na maɗaba'a, wato CMYK, kuma kada ka yarda da hasken allon waya, domin allo haske yake fitarwa, kofi kuwa ba ya yi.

Takarda ba ta buƙatar dogon bayani. A fuskar da ta fi fari da santsi ake bugawa, a juya hoton kamar a madubi, a bar shi ya bushe, ragowar kuma a mayar cikin leda a rufe, musamman da damina lokacin da take shan danshi. Ka goge kofi da ƙyalle mai tsabta kafin ka naɗa, don ƙura da zaren tufafi ne ke barin ɗigo-ɗigon shuɗi a kan fari.

Kofunan da suka ɓaci kada ka jefar, duk inda ya rage fari a jikinsu wurin gwaji ne. Ka buga ƙananan murabba'ai na baƙi, ja, shuɗi, rawaya da launin fata, ka fara da digiri 190 da sakan 200, ka cire takardar da zafinta, ka sa kofin gaban fanka. Daga nan abu ɗaya kawai za ka riƙa sauyawa, ko digiri 5 ko sakan 15, kana rubuta kowane gwaji a littafin shago. Ka kira uwar amarya ka ba ta haƙuri, ka gaya mata gaskiya cewa kaya sai jibi, asarar kofunan kuma tawa ce, ba zan cire daga kuɗinka ba. Gobe in Allah Ya kai mu zan shigo bayan sallar azahar, ka ajiye mini shafin gwajin da kofi uku, na farko, na tsakiya da wanda ya ƙone.