Jirgin ƙasan wasa a ɗakin kaka: shin gumaka ya tara?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni dattijo ne, na yi aikin reluwe har na yi ritaya. Ɗana da ke zaune a Ingila ya zo hutu ya kawo mini ƙaramin jirgin ƙasa na wasa mai aiki da lantarki, ƙirar Hornby, da layin dogonsa da taragai da tasha. Na kafa shi a kan faifan katako a ɗakin da ba a kwana, jikokina kan zo ranar Asabar mu kunna. Tun daga nan nake ƙara kaya kaɗan-kaɗan. To a cikin kayan akwai 'yan mutum-mutumin fasinjoji da shanu, da kuma ginin coci. Wani maƙwabcina ya ce na tara gumaka, mala'iku ba za su shiga gidana ba, kuma mai furfura bai dace da wannan shiririta ba. Mene ne hukuncin?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a.

Jirgin kansa babu magana a kansa. Kan jirgi da tarago da gada da sigina da bishiyoyi duk abubuwa ne marasa rai. Lokacin da wani mai sana'ar zane ya tambayi Ibn Abbas, bayan ya tsoratar da shi kan surar mai rai sai ya ce masa in ba makawa ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Bukhari da Muslim ne suka ruwaito. Motar kara da ta gwangwani da yaranmu ke ƙerawa ba mu taɓa jin malamin da ya hana ba, kuma sanya lantarki bai canza hukunci ba.

Batun furfura kuwa, ina ganin maƙwabcinka ya tuna hadisin da ke cewa duk wasan da mutum zai yi banza ne sai harbi da baka da horar da doki da wasa da iyali. Malamai, cikinsu har da Imam Gazali, sun bayyana cewa banza a nan ba haram take nufi ba, tana nufin abin da babu lada a kansa shi kaɗai. Kai kuma ba kai kaɗai kake ciki ba. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauka. Ya taɓa tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa bai so ya katse masa jin daɗi. Ya kan tsokani ƙanen Anas, Abu Umair, yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsunsa. Wanda ya fi kowa ƙima ke nan. Idan ka yi niyyar faranta wa yaran da jawo su jikinka, zaman ranar Asabar ɗin nan sada zumunci ne.

Inda maganar take da nauyi shi ne 'yan mutum-mutumin. Maƙwabcinka bai ƙirƙiro hadisi ba: ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. A mazhabar Malikiyya kuma surar da ta haramta ita ce wadda ta haɗa sharuɗɗa: ta mai rai ce, tana da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. Ɗan fasinjan robar nan, duk ƙanƙantarsa, ya haɗa ukun.

Sai dai shari'ar da ta hana ita ce ta keɓe kayan wasan yara. Nana A'isha ta ce tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW), ƙawayenta na zuwa, idan ya shigo su ɓuya shi kuma ya turo mata su. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya dawo daga yaƙin Tabuka ko Khaibara, iska ta ɗaga labule ya hango kayan wasanta, a cikinsu da doki mai fukafukai biyu. Da ya tambaya ta ce ashe bai ji cewa Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har turamen haƙoransa suka bayyana, bai ce a fitar ba. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz kuma ta ce suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da ulu, idan yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa. Wannan bai bambance maza da mata ba. Alƙali Iyad ya tafi a kan wannan keɓewa, kuma ita ce maganar mafi yawan malamai. Akwai waɗanda suka ce hanin ya shafe rangwamen, amma labarin dokin ya faru ne can baya a zaman Madina, don haka da'awar shafewa ba ta da ƙarfi a wurina.

Ƙanƙantar ma tana da tasiri. Irin jirginka ana kiransa OO, an rage komai sau 76, wanda ya fi yawa a Amurka da Jamus kuma HO ne, sau 87. Mutum cikakke a wannan ma'auni bai wuce santimita 2 da ɗoriya ba, fuskarsa ɗigon fenti ce. Malaman Hanafiyya sun sassauta kan surar da idan tana ƙasa kai kana tsaye ba za ka rarrabe gaɓoɓinta ba.

To amma ga abin da nake so ka riƙe, Baba. Rangwamen na wasan yara ne. Wannan sha'awa a ƙasashen Turai galibi ta manya ce: mutum ya jera kayansa a kabad na gilashi, yaro ya miƙa hannu a daka masa tsawa. Idan abin ya koma haka, 'yan fasinjojin sun tashi daga kayan wasa sun zama kayan ado da ake girmamawa, hujjar 'yar tsanar Nana A'isha kuma ba za ta rufe su ba. Saboda haka ka bar jikokin su ɗauka, su jera su a bakin tasha, su zubar, ɗaya ya ɓace a ƙarƙashin tabarma. Idan sun koma gida ka tattara mutanen da shanun a gwangwani ka rufe, jirgin ya zauna a wurinsa. In kuma zuciyarka ba ta natsu ba, ka cire musu kai, domin Jibrilu ya umarci a sare kan wani mutum-mutumi ya koma kamar bishiya. Ko ka bar tashar babu fasinja, jirgi ba zai ƙi tafiya ba. Da wannan ka fita daga saɓani.

Cocin kuwa, idan da gicciye a kansa ka ɓalle shi, saboda Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ba ya barin abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Mafi kyau ma ka ajiye ginin, ku yanka kwali kai da yaran ku gina abin da ka sani da idonka: tashar Zariya ko ta Kafanchan, da ɗan masallaci a gefe, da dalar gyaɗa irin wadda aka san Kano da ita bayan dogo ya iso ta a 1911. A nan ne za su ji tarihin aikinka daga bakinka.

Kalmar "kaɗan-kaɗan" da ka faɗa ce ta ɗan tsaya mini. Kayan nan da fam ake sayensu, fansho kuma da naira ake biya. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan sun ciyar ba sa ɓarna ba sa ƙwauro. Ba a sayen sabon kan jirgi alhali akwai bashi ko cefane ko kuɗin magani na jira, ba a kuma matsa wa ɗa ya aiko. Idan aka kira salla a kashe soket, ka kama hannunsu ku tafi masallaci tare. Ka raba musu juyi daidai, mata da maza, 'ya'yan wannan ɗaki da na wancan, domin Annabi (SAW) ya ce wa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ji tsoron Allah ya yi adalci tsakanin 'ya'yansa, kuma yara ba sa mance wanda kaka ya fi bai wa makunni. Taransifomar da ke rage wutar gida zuwa kimanin bolt 12 kai za ka riƙa jonawa, ƙananan kayan kuma a nisanta su daga mai rarrafe, don komai baki yake kaiwa.

Ba ka tambayi zakka ba, amma za ta iya faɗo maka a rai idan kayan suka yi yawa. Babu zakka a abin da aka ajiye don amfani, komai tsadarsa. Sai fa wanda ya saya da niyyar jiran ya yi daraja ya sayar. Wannan hajar kasuwanci ce, a wurin Malikiyya zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, idan kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo wa jarin.

Wallahu a'alam.