Shin Maƙwabcina a Saba Zai Iya Tsallako Katanga?

Tambaya: Malam, ina hayar wani yanki na saba, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai da hidima ta intanet, a wurin wani kamfani da ke raba babbar kwamfuta ɗaya ga masu haya da dama, kuma an ce mini kowa a killace yake. Shin da gaske ne babu yadda wani mai haya zai iso ga bayanaina? Na ji ana ambaton wata ɓaraka mai suna VENOM.

Amsa: Malam, killacewar gaskiya ce, sai dai manhaja ce ke yin ta, kuma manhaja tana kuskure. Abin da kake haya kwamfutar kwaikwayo ce, wadda masana ke kira baƙo, babbar na'urar da ke ɗauke da ita kuwa ita ce mai masauki. Domin baƙo ya ɗauka cewa kwamfuta ce ta sosai, akan ƙera masa kayan aiki na kwaikwayo, kuma a irin waɗannan kayan ne katanga ta fi saurin tsagewa.

VENOM, mai lamba CVE-2015-3456, Jason Geffner na kamfanin CrowdStrike ne ya gano ta, aka sanar da ita a watan Mayu na 2015. Tana cikin QEMU ne, wata manhajar da ke ƙera wa baƙo kayan aikin kwaikwayo, a sashen da ke kwaikwayon na'urar karanta faifan fulofi, wanda kusan kowa ya manta da shi, kuma kuskuren yana kwance a wurin tun 2004.

Sashen yana da ɗan wurin ajiya mai cin bait 512 (bait ɗan ƙaramin ma'aunin bayanai ne), tare da ma'aunin da ke nuna inda za a rubuta bait na gaba. Ƙa'ida ita ce a mayar da ma'aunin farko da zarar an gama umarni, amma a lokacin akwai umarni biyu da za a iya sarrafa su ta yadda hakan ba zai faru ba. Sai mai hari ya yi ta tura bayanai, mudu ya cika, hatsi ya riƙa zuba a ƙwaƙwalwar mai masauki, har ya iya rubuta umarninsa a can. Daga nan hanya na iya buɗewa zuwa sauran baƙi.

A cikin manhajojin da ke tafiyar da baƙi, ɓarakar ta shafi KVM da Xen da VirtualBox, domin sun ɗauki wannan sashe daga QEMU, amma ba ta shafi VMware da Hyper-V ba. Mai hari yana buƙatar cikakken iko a cikin baƙo, sai dai wannan ba wani shinge ba ne, domin duk wanda ya biya kuɗin haya yana da shi. Abin da ya fi damuna shi ne, a lokacin, a QEMU da Xen ko da an kashe fulofin, sashen yakan ci gaba da aiki.

An yi wa wannan ɓaraka faci, wato gyaran manhaja, tun lokacin, amma irinta ba ta ƙare ba. Saboda haka ka tambayi kamfanin da kake haya yadda suke sabunta manhajar mai masauki, da kuma ko sukan kashe baƙi su sake kunna su, ko su ƙaurar da su zuwa mai masaukin da aka sabunta, bayan sabuntawa, domin baƙon da bai motsa ba yana nan a kan tsohuwar manhajar.